Yadda zaka rubuta bulok naka na kanka a GNU Radio ba tare da sautin ya riƙa tsattsagewa ba

Jama'a duk wanda ya sayi ɗan dongul ɗin nan na RTL-SDR ya soka a kwamfuta ya buɗe GNU Radio, a kwana a tashi sai ya zo inda bulok ɗin da suka zo da manhajar, wato ƙananan akwatunan aiki da ake jonawa sigina ta bi ta cikinsu, ba sa yin abin da yake so, ko kuma suna yi amma shi bai san me ke faruwa a cikinsu ba. Toh a nan ne ake fara rubuta bulok na kai, kuma wallahi abin bai kai wahalar da mutane ke zato ba in dai ka ɗan iya Python. Akwai abu ɗaya tak da yake kayar da kusan kowa, shi zan fi daɗewa a kai, sauran kuma mu wuce su da sauri.

Ga wanda bai saba ba, rediyon manhaja shi ne wanda aikin tace sigina da fitar da murya ya tashi daga kan transisto da kwayil ya koma cikin lissafin kwamfuta. Dongul ɗin aikinsa kawai ya ɗebo wani yanki na iska ya maida shi lambobi ya turo ta USB. Asalinsa ma na kallon talabijin ne, mai cif ɗin RTL2832U, sai a wajen 2012 masu tone-tone suka gano ana iya sa shi ya turo ɗanyen sigina, mai R820T a ciki yana kamawa daga kusan megahaz 24 har wajen 1700. GNU Radio kuma, manhajar da ake haɗa irin wannan rediyon a cikinta, Eric Blossom ne ya fara ta a 2001, kyauta ce, kowa na iya buɗe cikinta ya karanta. Ka tabbatar kana kan 3.10, don koyarwar da ke yawo a intanet da yawa na zamanin 3.7 ne lokacin ana amfani da XML da Python 2, a 3.8 aka koma YAML da Python 3, a 3.9 aka ajiye SWIG aka ɗauki pybind11, in ka bi tsohuwar koyarwa zaka kwana kana faɗa da kuskuren da ba naka ba. A Ubuntu 22.04 ko 24.04 `sudo apt install gnuradio` ya isa, mai Windows kuma ya nemi radioconda.

Yanzu ga abin da nake so ya zauna maka a kai kafin ka rubuta ko layi ɗaya. Bulok naka ba ya ganin sigina gaba ɗayanta, kuma ba ya ganinta samfur ɗaya bayan ɗaya, samfur shi ne kowace lamba ɗaya ta siginar. GNU Radio tana da mai rabon aiki a ciki, shi ke kiran `work()` ɗinka ya miƙo maka kaso, wani lokaci samfur 4096, wani lokaci 512, wani lokaci ma guda 7, ya danganta da abin da ya taru a bafa, wato ma'ajiyar wucin gadi da ke tsakanin bulok da bulok, a daidai lokacin. Kamar mai injin markaɗe ne, wannan ta zo da kwano wannan ta zo da bokiti, shi dai ya markaɗa abin da aka kawo. Kai ba ka da iko da girman kason, kuma duk abin da bulok ɗinka yake buƙatar tunawa daga kason baya sai kai ka ajiye shi da hannunka, in ba haka ba a duk inda kaso biyu suka haɗu sai an samu ɓaraka. Mafi yawan bulok ɗin da "yana aiki amma akwai wani ƙas ƙas a sautin" ciwonsu kenan.

Mu gwada da abin da kowa zai iya ji da kunnensa, wato fitar da muryar tashar FM. Akwai bulok ɗin Quadrature Demod da ke yin wannan a shirye, amma mu namu za mu rubuta don mu gane. Samfurin da dongul ke turowa lambobi ne masu ɓangare biyu, I da Q, ka ɗauka kowane samfur yana da tsawo kuma yana da kusurwa. A FM muryar tana cikin saurin juyawar kusurwar nan, don haka in ka san nawa kusurwa ta juya tsakanin samfurin yanzu da wanda ya gabace shi, shikenan ka samu murya. A lissafi sai ka ninka samfurin yanzu da konjuget na wanda ya wuce ka ɗauki kusurwar amsar. Kaga tun a nan matsalar ta leƙo, samfurin farko na kowane kaso wanda ya gabace shi yana cikin kason da ya riga ya wuce.

Ka buɗe GNU Radio Companion, wato tagar da ake zana bulok ana jona su, ka nemo Python Block a gefen dama ka jawo shi, ka danna shi sau biyu ka zaɓi Open in Editor, ka goge abin da ke ciki ka sa wannan:

```python
import numpy as np
from gnuradio import gr

class blk(gr.sync_block):
    def __init__(self, samp_rate=240000, dev=75000):
        gr.sync_block.__init__(self, name='FM na gida',
                               in_sig=[np.complex64],
                               out_sig=[np.float32])
        self.samp_rate = samp_rate
        self.dev = dev
        self.baya = np.complex64(1)

    def work(self, input_items, output_items):
        x = input_items[0]
        out = output_items[0]
        gain = self.samp_rate / (2 * np.pi * self.dev)
        jiya = np.concatenate(([self.baya], x[:-1]))
        out[:] = gain * np.angle(x * np.conj(jiya))
        self.baya = x[-1]
        return len(out)
```

Ɗan gajere ne amma kusan kowane layi akwai magana a kansa. `sync_block` na nufin samfur ɗaya ya shiga ɗaya ya fita. `in_sig` da `out_sig` su ne nau'in lambobin, kuma dole su dace da bulok ɗin da ke maƙwabtaka da shi, shi ya sa a zanen zaka ga bakin complex64 shuɗi ne, na float32 ruwan lemo, in launi bai zo ɗaya ba kibiyar sai tayi ja ta ƙi haɗuwa. Kar ka sa `np.float64` ko `float` na Python da sunan ai duk ɗaya ne, ba ɗaya ba ne, float na GNU Radio bit 32 ne. Sannan duk abin da ka sa a cikin bakan `__init__` dole ka ba shi ƙimar farko kamar yadda na sa 240000 da 75000, in babu Companion ba zai karɓi bulok ɗin ba.

Layin `out[:] =` ɗin nan ka kalle shi da kyau. In ka rubuta `out =` babu bakan nan da ɗigo biyu, Python zai ƙirƙiri sabon jeri ya laƙaba masa suna out, bafan gaske kuma ba a taɓa shi ba, ba wani kuskure da zai fito a allo, kawai dai shiru zaka ji ko shara. Mutane na ɓata yini guda a kan wannan. Shi kuma `return len(out)` kana faɗa wa mai rabon aiki ne ga adadin da na samar, da shi yake sanin nawa zai matsar da bafa gaba.

`self.baya` shi ne zuciyar abin. A ƙarshen kowane kira muna ɗauke samfurin ƙarshe mu ajiye, kira na gaba mu liƙa shi a gaban jerin. Ina roƙonka ka gwada cire shi sau ɗaya don ka gani da idonka. Kar ma ka jona dongul tukuna, ka sa Signal Source mai fitar da complex a kan 10000, samp_rate, wato yawan samfur a daƙiƙa, 240000, sai Throttle, sai bulok ɗinka, sai QT GUI Time Sink. Tunda mita ɗaya ce ba ta canjawa amsar dole ta zama miƙaƙƙen layi a kan 0.133, wato 10 a raba da 75. Yanzu ka musanya `self.baya` da sifili a layin `jiya`, zaka ga layin yana nutsewa ƙasa jefi-jefi, duk nutso ɗaya bakin kaso ne, kuma a lasifika shi ne ƙas ƙas ɗin da ake ji. Wannan gwajin na sigina da ka riga ka san amsarta ya fi komai amfani, don in ka fara da iska kai tsaye ba zaka taɓa sanin ko laifin kod ɗinka ba ne ko na eriya ko tashar ce ke da rauni.

Wani tarko na kusa da wannan, in abin da zaka ajiye ya wuce samfur ɗaya, misali goma na ƙarshe don wata matatar sigina da kake ginawa, kar ka rubuta `self.baya = x[-10:]` ka tsaya. Yankan jeri a numpy ba kwafi ba ne, taga ce kawai da ke kallon bafan GNU Radio, kuma bafan nan zagaye yake ana sake rubutu a kansa, kafin kira na gaba abin da ka ajiye zai iya zama wani abu daban. Ka ƙara `.copy()`. Kuma ka tuna kason zai iya zuwa ƙasa da goma, toh me kod ɗinka zai yi a lokacin, wannan tambayar ka riƙa yi wa kanka ita a kowane bulok, in samfur 1 kawai aka miƙo min zan tsira kuwa.

Akwai hanya mafi sauƙi da manhajar ta tanada saboda wannan matsalar, `self.set_history(2)` a cikin `__init__`. Da ka sa shi, jerin da ke shigowa zai riƙa zuwa da ƙarin samfur ɗaya na baya a gabansa, tsawonsa ya fi na fita da 1, sai kawai ka rubuta `x[1:] * np.conj(x[:-1])` ba ruwanka da ajiya. Quadrature Demod na asali ma haka yake yi. Ni dai shawarata in tsoffin samfuran shigowa kake buƙata yi amfani da history, in kuma wani abu ne da kai ka lissafo, kamar kusurwar osileta ko matsakaicin ƙarfi da ke tafiya a hankali, toh dole ka ajiye a `self`, history ba zai taimake ka a nan ba.

Dalilin da ya sa na lissafa gain a cikin `work()` ban yi shi a `__init__` ba, a wannan bulok ɗin na cikin Companion in sunan abin da ka ajiye a `self` ya zo ɗaya da sunan faramita, duk sanda aka canja ƙimar ana cikin gudu, misali da QT GUI Range, za a sabunta maka shi kai tsaye. Amma abin da ka lissafa sau ɗaya a farko yana nan yadda yake ba zai bi ba.

Yanzu a jona dongul. Soapy RTLSDR Source, samp_rate miliyan 2.4 wanda shi ne inda dongul ɗin yake tafiya lafiya ba ya zubar da samfur, mitar kuma ka sa ta wata tasha mai ƙarfi a garinku tsakanin 87.5 da 108. Bayansa Low Pass Filter mai yankewa a kilohaz 100 da ragi 10, ya dawo 240000, sai bulok ɗinka, sai wata Low Pass ta float mai yankewa a kilohaz 15 da ragi 5, ya dawo 48000, sai FM Deemphasis, a nan tau ɗin 50e-6 ne a mafi yawan duniya, Amurka da wasu ƙasashe ne ke amfani da 75e-6, sai Audio Sink a kan 48000. Ka cire Throttle ɗin nan, ana sa shi ne kawai in babu wata na'ura ta gaske a zanen, in ka bar shi tare da dongul agogo biyu ne ke jayayya. A Linux in ya ce wani na riƙe da na'urar, direban talabijin ne `dvb_usb_rtl28xxu` ya rigaka, ka sa shi a blacklist, a Windows kuma sai ka bi ta Zadig, manhajar sauya direban USB.

Ka lura na sa bulok ɗinmu bayan an rage gudu ne, da gangan nayi. Python yana da jinkiri, abin da ke cetonmu numpy ne da yake yin lissafin jerin gaba ɗaya a C. Ranar da ka rubuta `for` mai bin samfur ɗaya-ɗaya a kan miliyan 2.4 a daƙiƙa, kwamfutar ba za ta iya bi ba, zaka fara ganin harafin O yana zubowa a ƙasan allo alamar dongul na turowa ba a kwashewa, ko aU alamar lasifika ta nemi sauti bata samu ba. Haka `print()` a cikin `work()` ma yana ja da baya sosai don ana kiransa sau ɗaruruwa a daƙiƙa, in dole ne ka buga sau ɗaya cikin kira ɗari.

Ba kowane aiki ne ɗaya-shiga-ɗaya-fita ba. Ka ce kana son ma'aunin ƙarfin sigina, duk samfur 1000 ya ba ka lamba ɗaya, wannan `gr.decim_block` ne, a `__init__` ka ba shi `decim=1000`, shi kuma mai rabon aiki ya ɗauki alkawarin abin da ke shigowa zai zama daidai ninki 1000 na gurbin fita, don haka kana iya cewa

```python
p = np.mean(np.abs(x.reshape(-1, 1000))**2, axis=1)
out[:] = 10 * np.log10(p + 1e-12)
```

ɗan 1e-12 ɗin don kar log ya haɗu da sifili ne. `interp_block` kishiyarsa ne. Sai `basic_block`, wanda babu ƙayyadadden rabo tsakanin shiga da fita, kamar bulok da zai bar sigina ta wuce sai in ƙarfinta ya haura wani mataki. A nan `general_work()` zaka rubuta kuma komai a wuyanka yake, kai zaka kira `self.consume(0, n)` ka ce na cinye guda n, kai zaka dawo da adadin da ka fitar, kuma kar ka taɓa rubuta fiye da gurbin da aka ba ka a `output_items`. In ka manta consume za a yi ta miƙo maka samfuran nan dai har abada, zanen ya tsaya cak furosesa na ta zafi. Gaskiya in kana iya kauce wa basic_block kauce masa, sau da yawa sync_block da ke fitar da sifili lokacin shiru ya wadatar kuma ya fi zaman lafiya da Audio Sink, don ita so take sauti ya riƙa zuwa ba yankewa.

In abin da kake son fitarwa labari ne jefi-jefi, misali "tasha ta hau iska", kar ka tura shi ta hanyar samfur. Akwai ƙofar saƙo, ka shigo da `pmt`, a `__init__` ka kira `self.message_port_register_out(pmt.intern('sako'))`, in abin ya faru ka kira `message_port_pub`, ka jona Message Debug ka gani. In kuma so kake ka yi wa wani samfur takamaimai alama ta bi shi har gaba, `add_item_tag` ne, kuma nan ma maganar kaso ta dawo, lambar gurbin da yake so ba ta cikin kason ba ce, daga farkon gudu ake ƙirgawa, sai ka haɗa `self.nitems_written(0)` da lambar da ke cikin kason.

Toh bulok ya yi aiki, amma yana zaune ne a cikin fayil ɗin zane ɗaya, in kana son ya fito a jerin gefen dama kamar sauran ko ka ba abokinka, sai ka gina naka kunshin da `gr_modtool`. `gr_modtool newmod gida` zai buɗe folda `gr-gida`, ka shiga ciki ka ce `gr_modtool add -t sync -l python fm_gida`, zai tambaye ka faramitoci da ko kana son fayil ɗin gwaji, ka ce eh. Kod ɗinka ya tafi `python/gida/fm_gida.py`, sai fayil ɗin YAML da ke cikin `grc` wanda shi ke faɗa wa Companion sunan bulok da faramitocinsa da bakunansa, wannan da hannu zaka gyara kuma nau'in bakin da ka rubuta a can dole ya zo ɗaya da na cikin kod. Daga nan `mkdir build`, `cd build`, `cmake ..`, `make`, `sudo make install`, `sudo ldconfig`, ka sake buɗe Companion. Duk gyaran da kayi sai ka sake install, in ba haka ba tsohon ne ke gudu kana ta mamaki.

Fayil ɗin gwajin nan mai farawa da `qa_` don Allah kar ka bar shi fanko. Ka zuba sanannun lambobi ta `vector_source_c`, su bi ta bulok, ka tare su da `vector_sink_f`, ka kwatanta da amsar da ka lissafa. Amma ga inda ake ruɗuwa, in lambobin gwajin guda 20 ne za su iya wucewa a kira ɗaya, gwajin yayi kore alhali ciwon mahaɗar kaso yana nan kwance. Ka sa jerin yayi tsawo sosai, sannan ka kira `set_max_noutput_items()` a kan bulok ɗin da ƙaramar lamba kamar 7 don ka tilasta a yayyanka, amsar dole ta zo ɗaya da ta sanda ba a yanka ba.

C++ kuma sai in Python ya gaza da gaske, wato in lissafin kowane samfur ya dogara da amsar wanda ya gabace shi ta yadda numpy ba zai iya yinsa a dunƙule ba, irin su PLL mai bin mita da AGC mai daidaita ƙarfin sigina da bin agogon bit. Sai ka ce `-l cpp`, aikin yana cikin `lib/fm_gida_impl.cc`, `work()` ɗin na nan da `noutput_items` da manunai zuwa bafa, tunanin duk iri ɗaya ne, abin tunawa ya koma cikin mambobin ajin. In ka taɓa fayil ɗin `.h` na cikin `include` sai ka gudanar da `gr_modtool bind fm_gida` kafin ka sake ginawa, in ba haka ba zai tsaya ya ce ba su dace ba. Ninkawa da tarawa na dogon jeri kuma ka bar wa VOLK, laburaren da ke zuwa tare da GNU Radio mai amfani da umarnin furosesa na musamman, ka gudanar da `volk_profile` sau ɗaya ya zaɓi wanda ya fi sauri a injinka. Ni dai ko da C++ zan ƙare, sai na fara rubuta shi a Python na tabbatar lissafin daidai ne, sannan in yi amfani da amsarsa wajen auna na C++ ɗin.

Duk abin da muka yi a nan saurare ne, RTL-SDR ba ya iya watsawa. Ranar da ka samu HackRF One ko wani mai iya turawa, bulok mai ɓaraka a mahaɗar kaso ba kunnenka kaɗai zai dama ba, tsallen nan yana fantsama zuwa mitocin maƙwabta, ga shi kuma watsawa a iska sai da lasisi, a Najeriya NCC da NBC ne ke riƙe da wannan. Gwajinka ka yi shi ta kebul da atenuweta mai rage ƙarfin sigina tsakanin mai turawa da mai karɓa, ko ka rubuta a File Sink ka sake karantawa ka duba a Frequency Sink tukuna.